Gurbi na Bakwai

Daren Laraba a Bajoga, wuta ta ɗauke,
ni da fom mai shafi tara muna farke,
fitilar waya a haƙora, biro a riƙe.
Gobe da azahar za su rufe karɓa,
ni ko rabi ban kai ba.

Gurbi na ɗaya, sunan ƙungiya. Na sa.
Na biyu, adireshin ofis.
Ofis? Barandar shagon Gidado tela,
in ya rufe mu shimfiɗa tabarma,
ran Asabar, in ruwa bai sauko ba.

Na uku, mutum nawa ke amfana?
Goma sha huɗu, in na ƙirga da Barira,
wadda ta tara babi talatin a waya,
wayar ta faɗa rijiya ran wata Lahadi.
Ta yi kwana uku ba ta magana,
ran na huɗu ta ari littafin ƙanenta
ta sake farawa daga "Wata rana",
har yau ba ta kai inda ta tsaya ba.

Da Yero, mai lodin siminti a Ashaka.
Baitinsa a bayan takardar buhu yake,
in ya buɗe sai gari ya zubo a cinya.
Ya yi wa kafaɗarsa waƙa mai baiti tara,
Malam Ishaku ya ji, ya cire tabarau,
ya ce hayaƙin shayi ne. Ba mu musa ba.

Na biyar, kasafi.
Rim ɗin takarda shida, tawadar inji,
kuɗin motar mai gyaran rubutu daga Gombe,
zuwa da dawowa, da abin da zai ci.
Bugun kwafi ɗari uku, in farashi ya tsaya.
Farashi kuwa bai taɓa jiran kowa ba.

Shekaranjiya waccan, ai mun taɓa samu.
Dubu ɗari biyu, muka yi kamar mu tashi sama.
Littafi ya fito, sunan Lamela da kuskure,
ta rungume shi haka nan, ta kai wa babanta.
Sai masu tallafi suka ce a kawo rasit.
Na je wurin Buba mai shayi,
ya dube ni, ya dubi tukunya, ya ce,
"Ni tun da nake ban taɓa sayar da takarda ba."

Bara kuwa amsa ta zo da ladabi:
an yaba, an gode, masu nema sun yi yawa.
Na karanta musu a baranda.
Yero ya ce, "To, wa ke da karatu yau?"
Ba a sake tada zancen ba.

Ga gurbi na bakwai, shi ya hana ni barci:
wane sakamako za a iya aunawa?
Da wane mudu?
Zan ce Dija, da ke rawar murya a bara,
yanzu tana tsayawa ta ce an yi mata gyara ba daidai ba?
Zan ce Gidado ya daina kashe ƙwan baranda,
ya ce mantuwa ce, alhali bai manta ba?

Na rubuta su duka. Layi uku aka bayar.
Na soke.
Na sa "ƙarfafa matasa", na sa "bunƙasa adabi",
kalmomi masu guga, irin na shiga ofis.
In sun ba mu, Allah ya saka da alheri.
In sun hana, Asabar ba tasu ba ce.

Ladan ya kira na farko. Na ninke fom.
Abin da na soke na kwashe na zuba a nan,
tunda gurbin bai ɗauke shi ba.